Riƙon doki a Tamale lokacin hunturu

Duk wanda ya taɓa halartar bikin Damba a Tamale ko Yendi ya ga sarakunan Dagomba bisa dawakai masu ado. A zamanin da, fataken ƙasar Hausa sun riƙa kawo dawakai kasuwar Salaga, su koma da goro. Amma wahalar riƙon doki a wannan yanki tana bayyana ne idan hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu.

A lokacin ciyawa ta bushe, gobarar daji ta cinye sauran, sai doki ya koma kan harawa da dusa. Idan bai sha isasshen ruwa ba, busasshen abincin kan cushe masa a hanji. Doki kuwa ba ya iya amai, don haka ciwon ciki na iya kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Babban doki yana buƙatar ruwa lita 25 zuwa 50 a kullum. A ajiye masa gishiri yana lasa, domin yana ƙara masa ƙishirwa. A tanadi harawa tun da kaka kafin ta yi tsada, a yayyafa mata ruwa kafin a ba shi saboda ƙura tana sa tari. Wadda ta yi funfuna a zubar. Sauya abinci kuma a yi shi sannu a hankali cikin mako guda.

Idan ka ga dokinka ya ƙi ci, yana tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa ko yana birgima, janye abincin, ka kira likitan dabbobi nan take.