Ko Kun Sani?

Na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da ruwan zafi, irin wadda ake kafewa a bangon gidajen Turai, tana iya ba da rabin zafin da aka rubuta mata kacal, alhali lafiyarta ƙalau. A ma'aunin Turai na EN 442, ruwan yakan shiga da zafin digiri 75 na Salsiyas, ya fita da 65, ɗakin kuma yana kan 20. Tazarar digiri 50 ke nan tsakanin matsakaicin zafin ruwan da na ɗakin. In ta sauko zuwa 30, na'ura mai wat 1,000 da kyar take haura 500. Tsohon lissafin Birtaniya kuwa da tazarar 60 ake yinsa, wanda ke kumbura lambar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.