Motar Gwangwani Ma Tana Bukatar Mai Rubutu

Tawa garin manyan motoci ne. Kwaltar da ta rabu da babbar hanya a Tsarnawa, kusa da Ƙonni, ta ratsa garin ta miƙe arewa, ta bi Tabalak da Abalak zuwa Agadas, ta dire a Arlit, inda aka fara haƙar yuraniyom a 1971. Saboda jigilar wannan ma'adini aka shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Arlit, fiye da kilomita 600. Ta kudu kuwa albasa ce ke da hanya. Ta Galmi da ta fadamun Adar ana loda ta buhu bisa buhu, sai Kwatano, Lome ko Abijan. Ga kuma simintin Malbaza. Yaron da ya buɗi ido a irin wannan gari ba sai an koya masa siffar gingimari ba, tun kafin ya iya haɗa baƙi ya san ƙugin kowace.

Shi ya sa ƙera ƙaramar mota tsohuwar sana'ar yara ce a nan. Da kaka, kara ne kayan aiki: a fere ɓawonsa a yi ƙusoshi, a yanka totuwar a yi gangar jiki. Masu ƙarfin hannu kuma gwangwani suke nema, na madara ko na tumatir ko na sardin, su farke shi, su daddale da dutse, su lanƙwasa kai da bodi. Tsohon silifa shi ne taya, waya ce ke riƙe tayoyin, doguwar sanda ko wata wayar ta zama sitiyari. Amma a ajiye motoci biyu da hannu ɗaya ya ƙera, a yi wa ɗaya rubutu a bar ɗaya haka nan, a ga wadda yara za su yi wa caa. Marar rubutu mota ce kawai. Mai rubutu kuwa motar wane ce, wadda ke lodi a wuri kaza, kuma kowa ya san direbanta.

A babbar mota ma haka abin yake. Ko da kamfani ɗaya ne ya ƙera motoci biyu, launi kusan ɗaya, mai fenti ne ke raba su. A goshi ana sa addu'a ko kirari, wani da boko, wani da baƙaƙen Larabci. A ƙofa sunan mai mota da garinsa, wani lokaci da lambar akwatin gidan waya. A gefe akwai ƙananan lambobi masu nuna nauyin mota ba kaya da nauyin da aka yarda ta ɗauka. Baya kuwa filin habaici ne da wa'azi: "Haƙuri maganin zaman duniya", "Allah ya kiyaye hanya", "Bonne chance", har robar bayan taya ba a barin ta haka. Wanda ke son ƙaramar motarsa ta yi kama da ta gaske, duk waɗannan zai kwaikwaya, kowanne a gurbinsa.

A Turai ƙera ƙananan motoci ya daɗe da zama kasuwanci. Kamfanin Meccano na Ingila ya fito da Dinky Toys a 1934, a Faransa aka kafa Norev a 1946, Majorette kuma a 1961. Berliet, motar birnin Liyon da tsofaffin direbobin Nijar suka sani sarai, wadda ayarinta ya shiga hamadar Tenere a 1959, ita ma an yi ƙanananta, har Dinky ta Faransa ta fitar da samfurin ta hamada. Sai dai waɗannan kamfanoni kasuwar Turai suka duba, ba su zauna rubuta karin maganar Hausa a jikin kayansu ba. Mai son motar albasa ta Adar a kan teburinsa dole ya yi rubutun da kansa, ko jikin motar na kanti ne ko na gwangwani.

Wahalar farko lissafi ne. Masu wannan sha'awa suna da ma'auni: 1:50 na nufin kowane santimita ɗaya a ƙaramar mota yana wakiltar hamsin a babba. Akwai 1:24, da 1:43, da 1:87, amma manyan motoci da na gine-gine an fi yin su a 1:50. A wannan ma'auni motar da ta kai mita 12 tana komawa santimita 24, faɗinta na kusan mita biyu da rabi ya koma santimita 5. Harafin da mai fenti ya ja da tsayin santimita 20 a goshin mota zai zama milimita 4, bai fi ƙwayar dawa ba. A nan galibi ake yin ɓarna. Hannu ya saba da rubutun littafi, sai ya zabga haruffan da suka cinye rabin ƙofa, motar ta koma abin dariya ko da ƙirarta ta yi kyau. Maganinsa shi ne a ɗauki hoton babbar motar daga gefe sak, ba a karkace ba, a auna wani abu da aka san girmansa, kamar taya mai tsayin kusan mita ɗaya, a gano ainihin girman sauran sassa da shi, sannan a raba komai da hamsin.

Rubutun hannu shi ne mafi arha, kuma shi ya fi dacewa da motar da asalinta da hannu aka rubuta. Tsinken tsintsiya da aka fere ko gashin kaza ya isa buroshi. A fara da fensir, a bar fentin ƙasa ya bushe sosai, kada a cika tsinken.

Wasu sun fi son kwalin hudawa, irin wanda ake buga lamba da shi a jikin buhu. Ana zana haruffa a siririn kwali ko leda mai kauri, a yanke su da reza, a ɗora a jikin mota, a dangwala fenti da soso. Haruffa irin A, B, D, O da R suna da ciki, idan aka zagaye su da reza cikin zai faɗo, don haka ake barin 'yar gada da za ta riƙe shi, daga baya a cike gurbin da tsinke. Soson kuma kusan busasshe ake so, in ya jiƙe fenti zai kutsa ta ƙarƙashin kwali ya dame rubutun.

Sai hanyar zamani. Masu yanka sitika na babura da kantuna suna iya manyan haruffa, amma wanda bai kai rabin santimita ba yana ba injin wahala, kuma ledar kanta ta yi kauri a jikin ƙaramar mota. Abin da masu sha'awar a duniya suka fi dogara da shi wata takarda ce ta musamman mai hawa uku: takarda mai kauri a ƙasa, gam mai narkewa a ruwa a tsakiya, da fata siririya a sama. A kan fatar ake buga rubutun da aka tsara a kwamfuta. Idan injin mai tawadar ruwa ne, sai an fesa mata banis ta bushe, in ba haka ba tawadar za ta wanke. Daga nan a yanka dab da haruffa, a tsoma a ruwa mai ɗumi kamar rabin minti, fatar ta saki, a zame ta a hankali daga takardar zuwa jikin mota, a matse ruwan da auduga. Wurin da za a manna ya zama mai santsi da sheƙi. In fentin yana da kaushi iska na maƙalewa a ƙarƙashi, gefen ya riƙa ƙyalli yana tona asirin cewa manni ne. A gari mai zafi da ƙura irin Tawa, da sassafe a ɗaki rufe ya fi, don ruwan na saurin ƙafewa kafin a daidaita rubutun. Irin takardar nan saƙo ce da ake iya ba ɗan ci-rani, kuma Adar ba ta rasa su. Wanda bai samu ba, siririyar takarda daga shagon hotokofi da salatif a kai tana rage zafi.

Akwai tarko guda: injin buga takarda na yau da kullum ba shi da farar tawada, farin takarda yake bari. A kan fata mai garai-garai, duk inda ya kamata ya yi fari launin motar ne zai fito. Mai son manna tutar Nijar a jar ƙofa zai ga tsakiyarta ta koma ja, da'irar ruwan lemo ta ɓace a ciki. Don haka ake sayar da fatar iri biyu, fara da mai garai-garai, ko kuma a fara shafa farin fenti a gurbin.

Ba kowane rubutu ya kamata a kwaikwaya ba. Motar da za a ajiye a kabad daban take da wadda yaro zai ja cikin turɓaya da kwata, kuma ba a so a ga sunan Allah ko aya a abin da ake takawa. A motar wasa gara a tsaya ga karin magana da sunan gari. Lambar mota kuwa a ƙirƙira, kada a kwafi ta wani. A tsohon tsari tana farawa da lambar jiha, 5 ta Tawa, 8 ta Yamai, ta ƙare da RN. Farantin mai kusan rabin mita yana dawowa santimita ɗaya, haruffansa ba su kai milimita 2 ba, kuma a nan ko gwanin tsinke yakan ajiye tsinkensa ya nufi shagon kwamfuta.