Yadda Ake Tausasa Tafiyar Motar Rairayi: Darasi Daga Garejin Apo

Gabatarwa

A hutun da ya gabata na zauna wurin kawuna, wanda bakanike ne a Apo, cikin Abuja. Wata rana wani mutum ya shigo da wata 'yar mota marar rufi, marar ƙofa, mai faɗin tayoyi, ya ce in ba a gyara ta ba zai sayar da ita ga 'yan gwangwan. Kukansa shi ne, duk lokacin da ya sauka daga kwalta ya hau birji, sai ta riƙa buga shi kamar ana sakwata, har ciwon baya ya kwantar da shi. A wannan ɗan rubutu zan bayyana wa mai karatu abin da na gani, domin darasin ya shafi kowace mota da ke bin gargada a ƙasar nan.

Asalin Motar

Irin wannan mota an yi ta ne domin gudu a kan tudun rairayi. Wani Ba'amurke, Bruce Meyers, shi ya fito da samfurin da ya fi shahara a jihar Kalifoniya a shekarar 1964. Dabarar ita ce a cire bodin Volkswagen Beetle, a gajarta ƙashin ƙasanta, a ɗora wani bodi marar nauyi. Beetle ba baƙuwa ba ce a wurinmu, don kuwa an fara harhaɗa ta a Legas a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna.

Me Ke Kawo Bugun?

Abubuwa uku ne ke tsakanin mutum da ramin hanya: taya, sifirin, da shokabzoba. Taya ce ke fara karɓar duka. Sifirin ya lanƙwashe ya shanye ƙarfin dukan. Shokabzoba kuwa aikinta ta hana sifirin ci gaba da lilo. Sifirin ɗin Beetle ba naɗaɗɗe ba ne. A gaba, sille-sillen ƙarfe ne a jere cikin bututu biyu, suna murɗewa idan taya ta hau tudu. A baya kuma sandar ƙarfe ce ɗaya a kowane gefe.

Kawu ya ce da ni, "Ɗana, an auna wannan sifirin ne da nauyin Beetle. Yanzu an sauke masa kaya, ba abin da zai danne shi." Wato idan mota ta yi rashin nauyi, sifirin ba ya motsi, sai dukan ya wuce kai tsaye zuwa ga bayan direba. Shi ya sa a-kori-kura ke tsalle idan ba kaya, ta natsu idan an yi mata lodi.

Matakan Gyara

Na farko, iskar taya. Da muka auna, mun tarar mai faci ya cika ta fiye da 40 a ma'auninsa, alhali ita kanta Beetle mai cikakken nauyi ba ta kai 20 a tayoyin gaba. Kawu ya rage ta. Direbobin da ke ratsa Sahara daga Agadas su ma suna rage iska idan sun shiga yashi, don taya ta baje, sa'annan su mayar idan sun hau ƙasa mai tauri. Taya mai ƙarancin iska a kan kwalta tana zafi, tana iya fashewa.

Na biyu, giris. Hannayen da ke riƙe da tayoyin gaba suna juyawa ne cikin bututun nan biyu, kuma na wannan mota sun bushe, ƙura ta cushe su. Sai da muka bi kowace ƙofar giris muka matsa sabo har tsohon ya fito.

Na uku, shokabzoba. A nan ni na yi katoɓara. Na ba da shawarar a sa sababbi masu gas, irin na manyan motoci, ina ganin mai ƙarfi ita ce mai kyau. Kawu ya bar ni na ɗaura, muka zagaya, sai bugun ya fi na da. Muka mayar da masu mai, masu laushi. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: ka danna kusurwar mota da ƙarfi ka saki. Idan ta taso ta tsaya, lafiya. Idan ta ci gaba da lilo, shokabzoba ta mutu. Idan ta ƙi dannuwa, ta yi tauri ko wani abu ya cije.

Na huɗu, sifirin kansa. Kawu ya rage 'yan sille daga bututun gaba, ya cike gurbinsu da guntaye a wurin ɗauri don sauran kada su yi wasa. Bai rage da yawa ba, domin sifirin da ya cika laushi yakan ƙure idan an faɗa rami, ƙarfe ya bugi ƙarfe, kuma mota ta riƙa kwanciya a kwana. Wannan aiki na ƙwararre ne.

Na biyar, nauyin taya. Ƙafa mai nauyi ba ta bin hanya da sauri, sai ta jijjiga mota marar nauyi. Don haka aka sauya manyan tayoyin gaba da matsakaita.

Kammalawa

Bayan kwana 3 mai mota ya zo, suka fita da kawu kan wata hanyar birji. Da suka dawo bai sake maganar 'yan gwangwan ba. Abin da na koya shi ne a fara da gyara mai araha, a canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, tun da Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Ɗan'uwa ɗalibi, kafin ka ɗora laifin ciwon bayanka a kan hanya kaɗai, tambayi mai faci nawa ya sa a tayarka.