A Tsayar wa Yaro Lokacin Barci

Iyaye, ku lura. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 cikin dare da yini. Wanda bai samu ba yakan tashi da rigima.

A birnin Bauchi, zafin bazara kan sa a daɗe ana hira a tsakar gida, yara na biye da manya. Sai a yi hattara. Bayan magariba a ba yaro abinci, a yi masa wanka, a kashe talabijin, a yi masa tatsuniya. Da an kira isha'i, a kwantar da shi cikin gidan sauro. Kullum haka, ko da ranar biki ce, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.