Gundumar makarantun da mota ba ta zagaya ta

A kudu maso yammacin jihar Alaska ta Amurka akwai gundumar makarantun gwamnati mai suna Lower Kuskokwim. Hedikwatarta tana garin Bethel, tana kula da makarantu a ƙauyuka sama da 20, kuma babu titin da ya haɗa su. Ko malami ne ko kwalin littattafai, galibi ƙaramin jirgin sama ne ke kai su. Idan hunturu ya kankama, kogin Kuskokwim ya daskare, sai a mai da bayan ƙanƙarar hanya.

Yawancin mutanen yankin 'yan ƙabilar Yup'ik ne. A da, yaron da ya gama firamare, in yana son ci gaba da karatu, dole ya bar gida zuwa makarantar kwana, wasu har jihar Oregon ko Oklahoma. Ƙarar da aka shigar a 1972 da sunan wata ɗaliba, Molly Hootch, ita ta sa gwamnatin jihar ta amince a 1976 ta buɗe sakandare a ƙauyukan. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne ga iyaye.

A yawancin Amurka harajin gidaje da filaye ne ke taimaka wa makarantu. Nan gundumar ba ta karɓar haraji, kuɗinta daga jiha da tarayya suke zuwa.

Makarantar ita ce babban ginin ƙauye, can ake taro, can ake fakewa lokacin ambaliya. 'Yan wasan ƙwallon kwando kuwa jirgi suke hawa zuwa gasa, su shimfiɗa kayan kwanciya a ajin masu masaukinsu. A Bethel, makarantar Ayaprun Elitnaurvik da harshen Yup'ik take fara koyar da ƙananan yara.