Daga Kasuwar Kwastam Zuwa Jami'a: Me Ake Nufi da Hutun Ma'aikaci?

A Kasuwar Kwastam ta Maiduguri, duk ranar da ɗan kasuwa bai buɗe rumfa ba, ranar bai ga ko sisi ba. Idan zazzaɓi ya kwantar da mai kayan miya kwana uku, tumatirinsa ne zai ruɓe, kuma ba mai biyan sa. An ga haka ƙarara a watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwar Kwastam da Gwange har da fadar Shehun Borno. Mai albashi ya ga kuɗinsa a ƙarshen wata, ɗan kasuwa kuwa sai abin da ruwa ya rage masa. Shi ya sa idan ɗan kasuwa ya ji an ce malamin jami'a ya tafi hutun shekara guda cur, albashinsa kuma yana shiga, sai ya riƙe baki. Mu ɗalibai ma da yawanmu mun ɗauka da zarar an sallame mu gida, malamai sun miƙe ƙafa ke nan. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin warware wa mai karatu abin da kalmar "hutu" ta ƙunsa a aikin jami'a, domin kalma ɗaya ce a Hausa, amma ta ɗauki kaya iri-iri.

Abin da doka ta tanada

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka yi a 1974, ta ce duk ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa, yana da haƙƙin hutun aƙalla kwanakin aiki 6 da cikakken albashi. Ta kuma ba shi har kwana 12 a shekara na rashin lafiya, idan likita ya tabbatar. Kwana 6 dai ba wani abin a zo a gani ba ne, ganin cewa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun a 1970 ta sanya mako uku a matsayin mafi ƙaranci. Wani abin lura shi ne, masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis dokar ta fi shafa. Ke nan yaron shagon da ake biya a Kwastam yana ciki, sai fa idan ɗan gidan mai shagon ne. Amma yaran shago nawa ne suka taɓa jin wannan zance?

Malamin jami'a da manyan ma'aikata kuwa, kundin sharuɗɗan aiki na jami'arsu ne ke tafiyar da su, kuma yawanci yana bin sawun ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya. A ƙa'idojin, mai matakin albashi na 7 zuwa sama yana da kwana 30 a shekara, na 4 zuwa 6 kwana 21, na ƙasa da haka kwana 14. Mace mai ciki tana da hutun haihuwa, sannan a 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa maigida kwana 14 idan matarsa ta sauka.

Sabatikal

Wannan shi ne hutun da ya fi ɗaure wa mutane kai, kuma mu ɗaliban harshe muna da rabo a cikin sunansa. Kalmar ta samo asali ne daga "Shabbat" ta Ibrananci, wato ranar hutu ta bakwai. Saiwarta ɗaya da "as-sabt" ta Larabci, wadda Bahaushe ya aro ya mayar "Asabar". A shari'ar Yahudawa, gona ma akan bar ta ta huta a kowace shekara ta bakwai, abin da manominmu zai kira saura. Jami'ar Harvard ta Amurka ce ta fara ba malamanta irin wannan hutu a 1880.

A jami'o'inmu, irin su Jami'ar Maiduguri da aka kafa a 1975, malami kan cancanci sabatikal bayan ya yi shekara 6 yana aiki a jere, kuma galibi sai ya kai muƙamin babban malami. Sai dai sunan hutu kawai ya ci. Ana sa ran ya tafi wata jami'a ya koyar, ko ya zauna ya kammala bincike ko littafi, ya dawo da rahoton abin da ya yi, sannan ya ci gaba da yi wa jami'arsa aiki. Sababbin jami'o'i da yawa da irin waɗannan baƙin malamai suka tsaya da ƙafarsu. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙungiyar ASUU ta yi ta jayayya da tsarin biyan albashi na IPPIS, wanda ta ce bai san da zaman malamin sabatikal ba, har gwamnati ta amince a cire jami'o'i daga cikinsa a watan Disamba na 2023.

Ƙaramin malami kuma hutun ƙaro ilimi yake samu, don digiri na biyu ko na uku, sau da yawa da tallafin asusun TETFund. Shi ma da igiya a ƙafarsa yake tafiya, don sai ya sa hannu cewa zai dawo ya yi wasu shekaru. Idan ya ƙi, ya biya.

Yajin aiki ba hutu ba ne

Nan ne aka fi yin kuskure. Daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022, ASUU ta yi yajin aiki na wata 8, kuma gwamnati ta riƙe albashi bisa ƙa'idar "ba aiki, ba biya". Wanda ke hutu albashinsa na tafiya, mai yaji kuwa sai bashi a wurin mai shinkafa da mai gawayi, don haka ɗan kasuwa ma ya ɗanɗana kuɗarsa. Bayan an janye, sai a matse zango a kan zango don cike giɓi. Shi kuwa malami bisa al'ada a lokacin dogon hutun ɗalibai yake ɗaukar nasa kwana 30. Idan dogon hutun ya koma mako biyu ko uku, a ciki zai duba takardun jarrabawa, ya haɗa sakamako, ya karanta kundayen 'yan ajin ƙarshe, nasa hutun kuma a ɗage shi zuwa baɗi.