Yadda ake auna iskar metan da ke tashi daga gonakin shinkafa

Duk wanda ya taɓa shiga gonar shinkafa a Tillaberi ko Yagwa ya ga kumfa na tasowa daga laka idan an taka. Kumfar nan na ɗauke da metan, iskar da ke riƙe zafi kusan ninki 28 na iskar kabon a tsawon shekara 100. Noman shinkafa na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na metan ɗin da ayyukan ɗan Adam ke haddasawa.

Idan ruwa ya kwanta a gona, iskar shaƙa ba ta kaiwa ga ƙasa. A nan ne wasu ƙwayoyin halitta ke cin ruɓaɓɓen tattaka da taki, suna fitar da metan. Mafi yawansa ta cikin karan shinkafar yake bi ya fita sama.

Shi ya sa masu bincike ke kifa akwati a kan shinkafar kanta. Ana kafa gindinsa cikin laka, a rufe shi ruf, ƙaramar fanka tana juya iskar ciki. Sai a zuƙi iskar da sirinji, galibi kowane minti 10 har rabin awa, a kai ɗakin gwaji. Saurin taruwar metan a akwatin shi ke nuna abin da wurin ke fitarwa. Ana maimaita aikin tun daga dashe har girbi. Akan shimfiɗa katako a bi ta kai, don taka laka na sakin kumfa ya ɓata lissafi. Akwai kuma na'urorin da ake ɗorawa kan hasumiya su auna fili mai faɗi dare da rana, sai dai suna da tsada.

Ƙasar da ba ta yi nata awon ba tana dogara da ƙiyasin kwamitin IPCC na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda a 2019 ya sa kilo 1.19 a kowace hekta a rana ga gonar da ruwa bai janye ba. Yawancin awon da aka gina ƙiyasin a kai a Asiya aka yi shi, alhali ƙasa da zafi da irin shinkafa sun bambanta.

Awon ya shafi aljihun manomi. Cibiyar IRRI ta Filifin ta yaɗa dabarar barin gona ta tsane kafin a sake ba ta ruwa: a kafa bututu mai huji, idan ruwan ciki ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, sai a yi ban ruwa. Lokacin fure kuwa ba a bari gona ta bushe. Dabarar na iya rage ruwa har kashi 30 cikin 100, ta kuma rage metan sosai. Ga ƙungiyoyin manoma da ke biyan kuɗin lantarkin famfo, wannan sauƙi ne. Masu sayen takardun rage hayaƙi kuma sai sun ga hujjar raguwar kafin su biya.